Pil Biyun da Na Cire Tare

Zainabu da Mahamadu, na san abin da masu dawowa daga Sabha suke gaya muku a Damagaram. Suna cewa ubanku ne mai littafin kaburbura, wanda in baƙo ya rasu a nan ake zuwa wurinsa ya rubuta sunan mamacin da inda aka kwantar da shi. Mahamadu ya taɓa gaya mini ta waya cewa wani dattijo ya riƙe hannunsa a kasuwa ya sa masa albarka saboda ni. Na yi shiru a lokacin, har ya ɗauka layi ne ya yanke. Ba layi ba ne. Yanzu da na cika hamsin, ina ganin bai dace in bar muku yabon da ba ku san tushensa ba. Littafin nan ban fara shi don kirki ba. Na fara shi ne domin ni na hallaka rubutun da ya riga shi, da hannuna, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, sannan na ɗora laifin a kan wani.

A shekarar da nake magana, Zainabu tana da shekara biyar, Mahamadu yana goye, muna zaune da uwarku Rabi a ɗaki biyu na haya a unguwar Mahdiya. Na karanta ilimin lantarki a jami'a a Yamai, na jira aiki har jiran ya ishe ni, na biyo hanyar da 'yan garinmu suke bi. A nan na samu ɗan shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba, ina gyaran waya da rediyo da duk abin da ke cin wuta. Leburorin gini da na gona suna kirana Injiniya, ni kuma ina amsawa da sauri fiye da yadda ya kamata. Ina raina masu gyaran bakin titi, waɗanda ke ɗanɗana pil, wato batir, da harshe su ce da saura. Ni ina da na'urar awo, ina da ƙa'idoji, kuma ƙa'idar farko da aka dasa mana a aji ita ce: kafin ka taɓa cikin kowace na'ura, ka raba ta da duk wata wuta. Na bi ta sau dubbai ba ta ba ni kunya ba, har ta daina zama tunani ta koma ɗabi'ar yatsu.

Baba Illo mutumin Tasawa ne, ya fi shekara talatin yana ban ruwa a wata gonar dabino a Samnu, wani ƙauye a bayan Sabha. Amma ba don dabino aka san shi ba. Duk Bahaushen da ya rasu a Sabha ba shi da kowa, wanda bango ya faɗa wa, wanda zazzaɓi ya kayar a ɗakin haya, wanda aka sauke daga motar sahara ba rai, Baba Illo ake aika wa. Shi zai yi wanka, shi zai ɗinka likkafani, shi zai shiga rami. Kaburburan baƙi kuwa ba su da rubutu, guntun bulo ne a kai da guntun bulo a ƙafa, bayan shekara biyu duk sun zama iri ɗaya. Saboda haka ya riƙa ajiye bayani: sunan mamaci, ƙauyensu, lambar wani ɗan'uwa in akwai, sai layi na nawa daga bangon gabas, da kabari na nawa a layin. Da fari a littafi yake rubutawa, har wata rana aka tsayar da shi a shingen bincike, aka ga takarda cike da sunaye da lambobi, aka ce safarar mutane yake yi. Ya kwana uku a tsare, littafin kuma bai dawo ba. Sai ɗan mai gonar ya ba shi wata tsohuwar na'urar aljihu da ake buɗewa kamar littafi, mai ƙananan maɓallai da siririn allo, ya koya masa haruffan. Duk wanda ya gan ta zai ɗauka ta lissafi ce. Da tsinken ashana yake danna maɓallan, domin yatsunsa sun yi kauri. A cikinta ya tara matattu fiye da ɗari biyu, kuma babu kwafinsu a ko'ina.

Wata Talata da hantsi ya shigo shagona tare da wani dogon mutum mai kimanin shekara talatin. Maƙwabcina Garba, Bakano mai sayar da caja, wanda ba ya barin rana ta wuce bai tsokane ni ba, ya leƙo ya gaishe su.

"Baba, ka yi hattara da shi, Badamagare ne. In abu ya fi ƙarfinsa sai ya yi masa Faransanci ya ce ya warke."

"Kai dai je ka sayar da cajarka mai kwana uku," na ce masa.

Baba Illo bai yi dariya ba. Ya kwance wani ƙyalle, ya ajiye na'urar a kan teburina da hannu biyu.

"Injiniya, rubutun ya dushe, idona ba ya kama shi. Wannan Haruna ne, daga wajen Tanut. Wansa Issufu ni na binne shi shekara uku da suka wuce, daga kan gini ya faɗo. Tsohuwarsu ta sa shi alkawarin ya tsaya a kan kabarin ya kira ta a waya, ta yi wa ɗanta addu'a kunnenta yana wurin. Motarsu ta arewa kuma ba za ta daɗe tana jiransa ba."

Na buɗe na'urar, na karkata ta wajen hasken ƙofa. Haruffan suna nan. Sun dushe kamar allon da aka wanke sau ɗaya, amma mai haƙuri zai karanta. Na ga wani suna, na ga kalmar layi, na ga lamba. A nan nake yawan tsayawa in na tuna ranar. Biro yana aljihuna, takarda tana ƙarƙashin gwiwar hannuna. Da na nemi sunan Issufu na kwafe kafin komai, da Haruna ya tafi maƙabarta kafin azahar. Ban yi ba, domin a ganina canjin pil ne kawai, aikin minti biyu, kuma wa zai wahalar da idonsa a kan rubutun da zai fito baƙi ƙirin nan da minti biyu?

Na kifa ta. A bayanta akwai murfin pil guda biyu, babba da ake turawa da ɗan yatsa, da ƙarami mai ɗan ƙusa. Ina laluben abin kwancewa sai Baba Illo ya matso.

"Mai agogon da yake canza mini, wanda ya koma Sudan, ɗaya-ɗaya yake cirewa. Sai ya sa sabo kafin ya taɓa ɗayan."

"Baba, kowa da abin da ya koya," na ce. "Shi agogo ya koya."

Garba ya yi dariya daga bakin ƙofa, kuma ba zan ɓoye muku ba, dariyar ta yi mini daɗi. Na zare babban pil, na kwance ƙusar, na zaro ƙaramin, na jera su biyu a kan tebur. Na tsaya har na goge mazauninsu da auduga, don a ga aiki mai tsabta. Sannan na sa sababbi, na rufe, na juyo da ita.

Allon ya fito baƙi ƙirin kamar yadda na yi tsammani. Amma agogon cikinta ya koma sha biyu daidai, yana ƙyaftawa. Na danna maɓallin sunaye. Babu komai. Na sake dannawa. Na danna na gaba, na danna na baya, na kashe na kunna. Babu komai. Na sake buɗe babban murfin ban san abin da nake nema ba, a nan idona ya faɗa kan ƙananan haruffan Turanci da aka zana a jikin robar daga ciki: kada a cire pil biyun a lokaci guda, in aka yi haka duk abin da ke ciki zai goge. Irin waɗannan tsofaffin na'urori ba kamar waya ba ne. Abin da ke cikinsu wuta ce take riƙe da shi, in ta yanke ko na ɗan lokaci ya tafi. Ƙaramin pil ɗin nan ba shi da wani aiki a duniya sai ya riƙe sunayen yayin da ake canza babban. Abin da ya fi gigita ni shi ne na san wannan. An koya mana shi a shekara ta biyu. Na ci jarrabawarsa.

"Ya fito?" in ji Haruna.

Ban shirya ƙarya ba. Na sha bincika kaina a kan haka, kuma iyakar gaskiyata ban shirya ba. Na ɗaga kai na ga Garba a ƙofa, na ga wasu leburori biyu da ke jiran wayoyinsu, sai na ji muryata tana fita a natse, irin natsuwar likita.

"Baba, tun yaushe rubutun ya fara dushewa?"

"Zai kai wata biyu. Aikin dabino ya riƙe ni."

"To, an makara. Wutar ta riga ta yi ƙasa da abin da zai riƙe su. Abin da muka gani ɗazu saura ne kawai a kan allo. Da an kawo ta da wuri..."

Ban ƙarasa ba, ba ni da bukata. Baba Illo ya karɓi na'urar ya kai ta dab da idonsa, ya nisanta ta, ya sake kawowa. Ya yi salati a hankali. Ya zauna a kan dakalin shago. Haruna kuwa sai can maganar ta iso masa, ya juya kan tsohon.

"Wata biyu? Wata biyu kana kallon abin yana mutuwa kana tsinkar dabino? Tsoho, kwana tara na yi a bayan mota ina riƙe da sanda don kada in faɗo. Me zan ce wa tsohuwa? In ce mata dabino ya fi ɗanta? Mutane sun ba ka matattunsu, ashe maci amana ne kai!"

"Gaskiyarka, ɗana," in ji Baba Illo. "Gaskiyarka."

Ina tsaye a bayan tebur, tsofaffin pil biyun suna gabana a jere, shaidar da kowa yake gani babu wanda ya iya karantawa. Na sa hannu na share su cikin aljihun tebur.

Sun je maƙabarta duk da haka, na ji daga baya. Baba Illo ya tuna cewa wajen tankin ruwa ne, amma layuka uku ne a wurin, kuma shekara uku ta cika su. Suka yi ta zagaye har la'asar. Haruna ya ƙi kiran uwarsa, ya ce ba zai tsaya a kan ɗan wata ya ce mata nata ne ba.

Kwana goma na yi ina zuwa shago ina dawowa. Na gina wa kaina hujjoji masu kyau, irin na mai ilimi. Na ce ai da gaske ya makara, wataƙila ko ban cire ba da ta mutu a mako mai zuwa. Na ce faɗin gaskiya ba zai dawo da suna ko ɗaya ba. Na ce ina da iyali, kuma mai gyara ba shi da jari sai yardar mutane. Kowace hujja tana tsayawa da ƙafarta har in yi alwala, in na ɗaga hannu zan yi kabbara sai ta zube. A rana ta goma na dawo cin abincin rana, uwarku tana zuba mini taliya, ta ce:

"Malam, ka ji abin da ya faru jiya? An kawo gawar wani mai gini, aka aika Samnu, Baba Illo ya ce a nemi wani. Wai wanda ya zubar da mutum ɗari biyu bai kamata a ƙara ba shi ɗaya ba. Bawan Allah yana kwance har la'asar kafin a samu mai wanka."

Na ajiye cokali. Na gaya mata komai, tun daga dariyar Garba har aljihun tebur. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, kafin ranar ko bayanta. Ta kwance Mahamadu daga bayanta ta ajiye shi a tabarma, kamar tana bukatar dukan ƙarfinta don ta dube ni.

"Cirewar na gane ta. Hannu yana kuskure, ni ma na sha ƙona miya. Amma bakinka fa, Malam? Kwana goma tsohon nan yana ɗauke da kayanka, kai kana nan kana cewa in ƙara maka yaji?"

"Rabi, in na faɗa shagon ya mutu."

"In ya mutu sai mu san inda muka binne shi," ta ce. "Motar Samnu da safe take tashi."

Na bi motar kayan lambu ta Wadi Bawanis, mai bi ta Samnu. Na iske shi a ƙarshen gona, yana buɗe wa ruwa hanya da shebur zuwa fangalin ciyawar dabbobi. Ya rame a kwana goma sha ɗaya fiye da yadda na zaci mutum zai iya. Da ya gan ni sai ya fara ba ni haƙuri, wai ya jawo mini hayaniya a shago. Wannan ne ya karya abin da ya rage mini. Na durƙusa a kan kunyar fangali, na fito da pil biyun daga aljihu na buɗe tafin hannuna.

"Baba, ba ka makara ba. Sunayen suna nan lokacin da ka kawo ta, na gan su da idona. Ni na goge su. Mai agogo shi ne da gaskiya. Ka gaya mini, na ƙi ji, sannan na yi maka ƙarya."

Na yi tsammanin zai ce ya sani, domin a zuciyata na so a ce ya sani. Bai sani ba. Bakinsa ya buɗe, shebur ya zame daga hannunsa. Ruwan da ya buɗe ya cika fangalin ya tsallake kunya, yana bin ƙafafunmu, bai kula ba.

"Sake faɗa. A hankali."

Na sake faɗa.

"Kwana goma sha ɗaya," ya ce, "ina kiran sunayen da na iya tunawa, ina neman gafararsu ɗaya bayan ɗaya. Na ce wa Allah ya karɓi aikin daga hannuna. Yaron nan ya kira ni maci amana a gaban mutane, na ce masa gaskiyarsa. Ashe..."

Bai ƙarasa ba. Ya daɗe yana kallon pil ɗin a hannuna, kamar yana mamakin ƙanƙantarsu.

"Bari in nemo Haruna in gaya masa," na ce.

"Ya tafi ranar Lahadi. Bai yi mini sallama ba. Lambar gidansu kuma tana cikin abin da ka goge."

Na jira tsinuwa ko yafiya, na shirya wa kowacce. Bai ba ni ko ɗaya ba. Ya nuna mini shebur da haɓa.

"Toshe ruwan nan, yana ɓarna. Ranar Juma'a za ka faɗi abin da ka faɗa mini a gaban waɗanda suka ji nawa. Bayan nan ka zo da takarda."

Na faɗa, a ƙofar masallacin da mutanenmu suke taruwa, bayan an sallame. Ba wanda ya zage ni, shirun da aka yi ya fi zagi. Aiki ya janye daga shagona kusan shekara guda, har uwarku ta fara dafa abincin sayarwa ga masu gini. Garba ya daina tsokanata. Kullum da safe sai ya ce, "Malam Sani, ina kwana," da ladabi, kamar baƙo, kuma babu abin da ya yi mini ciwo a shekarar kamar wannan ladabin. Sai da aka yi wata bakwai, wata rana ya leƙo ya ce Badamagare ko shayi ya dafa sai ya goge sukarin, na san an fara maido ni cikin mutane.

Duk Juma'a bayan salla nakan ɗauki Baba Illo mu shiga maƙabarta, shi yana tunawa ni ina rubutawa. Inda ya manta sai mu bi ɗakunan haya da wuraren gini da gonaki, muna neman wanda ya ɗauki makara, wanda ya haƙa, wanda ya tsaya a gefen wane. Ba ma rubuta kabari sai mutum biyu sun yarda a kansa. Mun maido fiye da rabi. Sauran suna kwance a can, iyayensu sun ba su suna, ni na karɓe. Na yi kwafi biyu, ɗaya shi ne littafin nan mai baƙin bango da ke ƙasan akwatin uwarku, wanda ake kai muku sababbin shafukansa duk shekara. Ku buɗe shi, a shafi na huɗu za ku ga Issufu, wajen Tanut, faɗowa daga gini. Wurin layi da lamba babu komai. Mun taƙaita shi zuwa kaburbura uku da aka haƙa a wata ɗaya, daga nan ba wanda ya iya rabewa. Sai bayan shekara biyu wani direba ya gano mana ƙauyensu. Tsohuwar ta rasu ba ta yi wannan addu'ar ba. Haruna kuwa, kiransa na ƙarshe daga bakin teku ya zo musu.

Baba Illo ya koma wankan gawa tun makon da na yi magana, amma shekara shida muna tafiya tare bai taɓa ɗaga zancen ba, ni ma ban iya tambaya ba. Da ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa suka matsa ya koma Tasawa, na raka shi tasha da sassafe. Ana ɗaure kaya, mutane suna zuwa suna neman yafiyar juna kamar yadda ake yi kafin a shiga sahara. Na bari kowa ya gama, sannan na durƙusa.

"Baba, ka yafe mini."

Ya ɗora hannunsa mai kauri a kafaɗata.

"Nawa na yafe tun ranar da ka zo Samnu, tun kafin ka gama toshe ruwan. Na matattu, ka biya abin da ka iya. Na Haruna kuwa ba a hannuna yake ba, Sani. Ni ma ina jiran nasa. Yaron nan yana wani wuri yana ganina maci amana."

Ya rasu a Tasawa bayan damina biyu, yana jira.

Har yau ina canza pil. Ana kawo mini tsofaffin rediyo da agogo da na'urorin da suka girme ku, kuma kafin in kwance ƙusa nakan tambayi mai abin yadda wanda ya riga ni yake yi, in saurara har ya gama. Duk motar da ta sauko daga arewa ina zuwa tasha in tambayi labarin Haruna. Ku kuma ga abin da nake roƙonku, ya fi mini duk albarkar da ake sa muku saboda ni. In kuka taɓa haɗuwa da wani dogon mutum daga wajen Tanut mai suna Haruna, wanda wansa yake kwance a Sabha, kada ku fara da ba shi haƙuri a madadina. Ku fara da gaya masa cewa Baba Illo bai makara ba.